Ɗaurin Zalunci da Ramuwar Gayya: Tarihin da ke Bayan Fim ɗin Monte Cristo

A cikin shekarar 2024 aka fito da wani sabon fim a Faransa mai suna Le Comte de Monte-Cristo, wanda aka sayar da tikitinsa fiye da miliyan 9 a gidajen silima na ƙasar. Labarin ba sabo ba ne, domin an sha mai da shi fim, har da na Amurka na 1934 da kuma na 2002. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun labarin zuwa tushensa, don a ga inda silima ta rabu da tarihi, da kuma dalilin rabuwar.

Asalin fim ɗin littafi ne na Alexandre Dumas, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a wata jaridar Paris daga 1844 zuwa 1846. Tauraron labarin, Edmond Dantès, matuƙin jirgin ruwa ne a Marseille. A 1815 mahassada suka rubuta takardar tsegumi cewa ɗan saƙon Napoleon ne, aka kama shi ranar walimar aurensa. Mai gabatar da ƙara, watau Villefort, ya gane ba shi da laifi, amma da ya ga wasiƙar da ke hannunsa za ta tona asirin mahaifinsa, sai ya sa aka jefa shi kurkukun tsibirin If ba tare da shari'a ba. Shekara 14 ya yi a can kafin ya tsere, ya haƙo dukiyar da wani limamin kirista, abokin ɗaurinsa, ya bar masa, sa'an nan ya dawo da sabon suna ya bi maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya.

Dumas da kansa ya bayyana cewa ya tsinci ƙwayar labarin a cikin wani littafi da aka buga a 1838 da sunan Jacques Peuchet, ma'ajin takardun 'yan sandan Paris. A ciki akwai ƙissar wani baduku mai suna Picaud, wanda abokansa suka yi wa ƙazafin leƙen asiri wa Ingila a 1807, aka tsare shi shekara 7, ya fito ya halaka su, daga bisani shi ma aka kashe shi. Masana tarihi na ganin an yi wa ƙissar nan gishiri ƙwarai.

Akwai kuma tushe na biyu wanda babu shakka a kansa, shi ne mahaifin marubucin. An haifi Janar Thomas-Alexandre Dumas a 1762 a ƙasar da yau ake kira Haiti, uwarsa baiwa ce baƙar fata. Ya kai matsayin janar a sojan Faransa, ya bi Napoleon yaƙin Masar, inda suka sami saɓani. A 1799, yana kan hanyar komawa gida, jirginsa ya nemi nutsewa, ya raɓa a Taranto ta kudancin Italiya, hannun abokan gaba. Suka kulle shi wajen shekara 2. Ya fito a 1801 jikinsa ya lalace, gwamnatinsa kuma ta hana shi haƙƙoƙinsa. Ya rasu a 1806, ɗansa bai cika shekara 4 ba, aka bar matarsa cikin talauci babu fansho.

A nan ne bambancin yake. Abin da duniya ta hana uban, watau dukiya da iko da damar ramuwa, shi ɗan ya ba Dantès da alƙalami. Mai kallo kuwa yakan ji daɗin ramuwar ne domin an nuna masa tun farko cewa ƙofar shari'a a rufe take, tun da wanda aka ɗora wa tsaron doka shi ne ya karya ta. Amma Dumas bai yarda cewa rama cuta ga macuci ibada ce ba. A littafin, makircin Dantès ya jawo mutuwar ƙaramin ɗan Villefort, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har mai ramuwar ya shiga kokwanton kansa. Finafinan 1934 da 2002 sun sassauta wannan ɗaci, suka mayar masa da Mercédès, matar da aka raba shi da ita, alhali a littafin ba su koma tare ba.

Maganin da tarihi ya samar ya zo ne ta wata hanya dabam, kuma a makare. A 1895 Faransa ta yi dokar da ta faɗaɗa damar sake duba hukunci idan sabuwar hujja ta bayyana, ta kuma ba da damar biyan diyya ga wanda aka ɗaure bisa kuskure. Kyaftin Alfred Dreyfus, wanda aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa a 1894 bisa ƙarya, ya yi fiye da shekara 4 a tsibirin ɗauri. Bai haƙo dukiya ba, bai kashe kowa ba. Babbar kotun ƙasar ce ta wanke shi a 1906, bayan shekara 12, aka mayar da shi aikin soja.