Daga ina barkono ya zo mana?

Jama'a, in aka ce miya ta yi daɗi, to akwai barkono cikinta. Wasu su ce tanka, duk abu guda ne. Da yawa cikinmu suna tsammani tun farkon duniya ana noman shi a ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. Barkono baƙo ne, ya daɗe har ya zama ɗan gida.

Asalin shi ƙasar Amurka, can bayan babban teku. Mutanen Meksiko sun fara shuka shi wajen shekara 6000 da suka wuce. A shekarar 1492 wani matuƙin jirgin ruwa, Kiristofa Kolombo, ya tashi daga Sipaniya zuwa neman hanyar Indiya, ƙasar kayan yaji. Sai ya faɗa Amurka. Can ya tarar da mutane suna cin wani ɗan jan abu mai zafi, aka ɗauko irin zuwa Turai. Bayan nan ƴan Fotugal suka bi da shi gaɓar tekun Afirka cikin jiragensu na fatauci. Daga bakin teku ya yi ta hawowa arewa, kasuwa bayan kasuwa. Masara da rogo da gujiya da tumatir su ma Amurka ce mafarinsu.

To, kafin nan da me kakanninmu suke yaji? Da masoro da kimba da citta. Ba su yi a ƙasarmu, sai kurmi. Fataken Gwanja su ke ɗauko su tare da goro, bisa jakai, tafiyar watanni. Abin da ya sha tafiya haka ba ya araha. Barkono kuwa, mace ta watsa iri bayan ɗaki, ta zuba ruwan wanke-wanke, wata uku ko huɗu ta fara tsinka. Ta shanya, ta daka, ya kai ta baɗi. A ganina abin da ya ba shi sarauta cikin tukunya ke nan. Amma bai kori na da ba: har yau yajin kilishi da na mai jego ba su cika sai an haɗa su duka.

Iri-iri ne. Akwai ƙanana masu zafin tsiya, na yaji. Akwai attarugu mai ƙanshi, ɗanye ake jajjaga shi. Akwai tattasai, babba, mai ba miya ja, zafin shi kaɗan. Mai ajiyar iri ya kula: in an dasa tattasai dab da mai zafi, zuma na kai garin fure daga wannan zuwa wancan, baɗi a shuka tattasai ya fito da zafi.

Bayan yunwar 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya ga noman rani, garake suka yawaita. Amma tattasai, Diffa ce gidan shi. Bakin kogin Komadugu ake noman shi, a shanya, a ɗura buhu, motoci su kai Damagaram da Maradi da Nijeriya. A 2015, saboda yaƙin Boko Haram, hukuma ta hana cinikin shi, don kada kuɗin su faɗa hannun ƴan bindiga. Manoma da yawa suka bar gonakinsu na bakin kogi, gidaje suka rasa abin sayen hatsi. Sai a watan Oktoba na 2017 aka ɗage hanin.