Daga Jinka Zuwa Kwano: Tarihin Iskar Ɗakunanmu a Lafiya

'Yan'uwa mazauna wannan unguwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru a gidana cikin hunturun da ya wuce. Na dawo daga sallar asuba ke nan, sai uwargida ta tare ni a zaure ta ce, "Malam, mai jego fa ba ta fito ba, kuma na yi ta bugu shiru." Matar ɗana ce, kwananta tara da haihuwa. Da aka ɓalle ƙofar muka same ta kwance, ta kasa ɗaga kai, tana amai, jaririn kuma ya yi laushi. Ga kaskon gawayi a gindin gado, tagar ɗakin an toshe ta da kwali da tsumma saboda sanyi. Muka fito da su tsakar gida, muka garzaya asibiti. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunsu su biyun.

Da muka dawo, mahaifiyata, wadda ta haura shekara tamanin, ta dube ni ta ce, "Ni haihuwa bakwai na yi, kowace da wuta na kwana a ɗaki. Me ya sa ni ba ta kayar da ni ba?" Na daɗe ina juya wannan tambaya. Amsar da na samu ita ce ɗakin da ta yi jego a ciki daban yake da wanda muke kwana a ciki yau, kuma tarihin wannan canji nake so mu bi tare.

Kowa ya san garin nan Barebari ne suka kafa shi ƙarƙashin Muhammadu Dunama, fiye da shekara 200 da suka wuce, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Kakanninmu Hausawa fatauci ya kawo su, wasu neman gishirin Awe da Keana, wasu da tufafi da kanwa, wasu kuma almajirci. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal ya ratso ta nan zuwa Kafanchan da Kaduna cikin shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai zuwan ya ƙaru. Kakana a wannan zamani ya zo daga ƙasar Kano, yana sayen riɗi da doya, sana'ar da na gada har yau.

A can inda suka fito, ginin mai hali soro ne: tubali da ƙasar da aka kwaɓa da ramno, rufin azara, a shafe da makuba, a sa indararo. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ta sake shi, don haka ɗaki ya yi sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ya san abin da nake nufi. To amma nan ƙasar ruwa ce. A Kano damina ba ta kankama sai wajen watan Yuni, ta ɗauke a Satumba. Mu nan tun Afrilu ake shuka, ruwa bai ɗaukewa sai Oktoba. Soron ƙasa bai jure wannan sai da gyara kullum. Saboda haka yawancin baƙi suka yi abin da suka tarar 'yan ƙasa suna yi, wato bangon ƙasa da jinka.

Shi ɗakin jinka, ko'ina numfashi yake yi. Tsakanin bango da rufi akwai rata. Ita kanta ciyawar hayaƙi yana ratsa ta ya fita, har ma yana korar gara da sauran ƙwari daga cikinta. Ƙofa kuwa sau da yawa asabari ne ko tufaniya, iska tana shiga ta ƙasa. Iska mai zafi sama take yi, wannan ɗabi'arta ce, idan ta samu mafita a sama sai sabuwa ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Girki kuma a tsakar gida ake yi ko a rumfa. Wannan shi ne sirrin ɗakin mahaifiyata. Ba ina cewa hayaƙin bai cutar da iyayenmu ba ne. Mun ga tsofaffi da tari mai naci da idanu masu ruwa, mun ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a rufi, kuma gobara ta sha cinye unguwa guda cikin hunturu. Amma dai gubar ba ta samun wurin taruwa har ta kashe mutum cikin barci.

Tagoginsu ƙanana ne, can sama kusa da rufi, kuma akwai dalili. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna an hana mutum ya huda tagar da za ta buɗe masa cikin gidan maƙwabci, ko ya yi ƙofa daura da ƙofarsa. A Muhtasar na Shehu Halil kuma an ba alƙali ikon hana hayaƙi da warin da ke cutar da maƙwabta, aka buga misali da gidan wanka da majema. Ashe malamanmu na Malikiyya tun ɗaruruwan shekaru sun ɗauki iskar da maƙwabci yake shaƙa a matsayin haƙƙi. Magina kuma suka samo dabarar da ta haɗa sutura da iska, suka ɗaga tagar sama inda ido bai kai ba amma zafi yana fita.

Turawan mulki su ma sun damu da iska, sai dai tasu suka fi damuwa da ita. Kakanninsu sun daɗe suna zaton zazzaɓin cizon sauro daga mugunyar iskar fadama yake zuwa, har sai da wani likitansu, Ronald Ross, ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da shi. Duk da haka a zamanin Lugga suka tsara cewa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Nasu gidajen suka yi musu baranda da manyan tagogi masu kallon juna da rufi mai tsawo. Mu kuwa rabonmu shi ne duba-gari, wanda dattawa suke ba da labarin yadda yake leƙa randa da kwata da masai, ya ci mutum tara. An ƙi jininsa, amma in za a faɗi gaskiya, tun da ya ɓace unguwanninmu ba su ƙara tsabta ba.

Sai kwano ya zo. Da farko alamar arziki ne, a ce wane ya yi rufin kwano. Daga shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, sai ga bulo da siminti da silin da ƙofar ƙarfe. Ba a raina alherinsu ba, don sun raba mu da gobarar jinka da yoyo da sabon baibaya duk bayan 'yan shekaru. Amma mun ɗauki ƙaramar tagar kakanni muka sa ta a ɗakin da ba ya numfashi ta ko'ina. Kwano yana ɗaukar zafi nan take, bulo mai rami bai da kaurin tubali, silin ya rufe ratar sama. A bazara ɗaki ya zama tanda, a hunturu a toshe ko'ina a kawo wuta.

Shekarar 1996 ba za ta fita daga ranmu ba saboda abu biyu. Na farko, annobar sanƙarau da ta ratsa Arewa a farkon shekarar, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga aikin Hajji. Cutar nan lokacin rani take tashi, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura suka farfasa cikin hanci da maƙogwaro, kuma ta fi yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya a rufe. Na biyu, ranar 1 ga Oktoba aka cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, haya ta yi tsada, kowane mai gida ya dubi tsakar gidansa ya ga kuɗi. Ni ma ban tsira ba, na sare bishiyar mangwaron da mahaifina ya dasa na yi ɗaki uku. Da Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 sai abin ya ƙaru. Yau akwai gidaje a unguwar nan da tagar wani take buɗewa kan bangon wani, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, murhu kuma ya koma lungu ko bakin ƙofar ɗaki.

Abin da muke ƙonawa ma ya canza. Daga itace da aci-balbal muka koma risho da fitilar ƙwai. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, risho ya fi ƙarfin talaka. Gas ya shigo, shi ma ya yi tsada, sai aka koma gawayi. Ga ƙaramin janareto da rashin wuta ya cusa mana, wanda tsoron ɓarayi yake sa a shigar da shi zaure ko lungu a kulle. Ga maganin sauro na kunnawa, ga turaren wuta da iyayenmu mata ba sa rabuwa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Likitan da ya duba surukata ya yi mini bayanin da ban manta ba. Gawayi da janareto suna fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita, ninki sama da 200. Alamarta ciwon kai da jiri da amai da kasala, mai barci kuwa sai dai ya zarce. Hatsarin gawayi shi ne ba ya hayaƙi sosai, sai mutum ya saki jiki. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun mutu a ɗaki, aka ce sammu ne ko abinci aka sa wa guba? A Buhari da Muslim akwai hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina. Mun karanta shi tun muna yara, amma aiki da shi ya gagare mu.

Ba cewa nake yi mu koma jinka ba. Abin da za mu ɗauko daga kakanni shi ne fahimtar cewa ɗaki yana buƙatar mashiga da mafita. Mai sabon gini ya sa taga biyu a bango daban-daban, ya bar 'yar kafa can sama da raga, ya ɗaga silin, ya sa magini ya shimfiɗa leda a kan harsashi don kada rima ta hau bango. Ya bar tsakar gida ko yaya take, ya dasa itace. Mu masu tsohon gini, huda kafa ɗaya a sama bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Janareto a waje, nesa da taga, in tsoron ɓarawo ne a yi masa keji da kwaɗo. Kasko ya ɗumama ɗaki taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo. Turare da maganin sauro a yi su kafin yara su shiga, a bar ɗaki ya sha iska, sa'an nan a kwana cikin gidan sauro.

Kowane lokaci kuma da nasa magani. A hunturu, ƙurar nan da ke tasowa tun daga hamadar Chadi, ana rage ta da raga da labule mai kauri, a riƙa wanke su. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Jiƙaƙƙen zane a jikin taga yana tace ƙura, yana kuma sassauta bushewar iska, sai dai kada a toshe tagar gaba ɗaya. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya riƙa cire ragarta yana wankewa. A damina kuwa akasin haka ake bi, don laima ce abokiyar gaba. Mu 'yan hatsi mun san buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a daɓe yadda yake funfuna. Katifa da kabad ma haka suke, kuma funfunar nan tana tayar wa masu asma da ciwonsu. A janye kaya daga bango, a shanya katifa da darduma ran da rana ta fito, a toshe yoyo da wuri, kada a shanya wanki a ɗakin kwana. Allurar sanƙarau kuma idan ta zo a kai yara, domin rigakafi ya fi magani.

Masallatanmu da makarantun allo da na Islamiyya su ma suna cikin wannan magana. Ɗakin da almajiri talatin suke kwana a ciki da taga ɗaya amana ce a wuyan malaminsu da mu maƙwabta. Ina roƙon dattawan unguwa, a zamanmu na gaba, mu zaɓi mutum uku har da magini guda, su zagaya gidajen haya da makarantu kafin sanyi ya shigo, su ba da shawara cikin mutunci. Ni na fara da kaina, na huda ɗakunan nan uku da na gina a gurbin mangwaro, janareton shagona kuma ya koma waje.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kare mana zuriya. Wassalamu alaikum.