Tarihin Ɓawon Wata: Siririyar Fuska, Ƙeya Mai Kauri

Jama'a, watan nan da muke cigiya daga Kubwa zuwa Nyanya duk ranar 29 ga Sha'aban, fuska ɗaya tak yake nuna mana. Ƙeyarsa babu mahalukin da ya gani sai ranar 7 ga Oktoban 1959, da kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyat ya zaga ta baya ya ɗauko hoto. Hotunan dishi-dishi ne, amma sun ta da ƙura. Baƙaƙen tabon da muke gani a daren sha huɗu, waɗanda narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, sun rufe kusan kashi 31 cikin ɗari na fuskar. A ƙeya kuwa, da ƙyar suka kai kashi 2.

Sirrin na cikin kaurin ɓawo. Daga 1969 'yan sama jannatin Apollo suka girke na'urorin auna girgiza, aka yi ta sauraro har 1977, aka tsayar da magana a kan kusan kilomita 60. Adadin ya daɗe zaune daram a littattafai.

Sai a 2011 NASA ta harba tagwayen kumbo masu suna GRAIL. Dabarar ta burge ni. Ɗaya na gaba, ɗaya na biye. In na gaban ya iso saman wuri mai nauyi, sai wurin ya fizge shi, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan motsa, a auna. Da wannan ɗan motsin aka zana taswirar cikin wata. Ashe matsakaicin kaurin kilomita 34 zuwa 43 ne, kwatankwacin tafiya daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe. A tsaunukan ƙeya yana kai 60, a ƙarƙashin kwarin Crisium kuwa, inda ƙaton dutsen sama ya faɗo, saura ƙiris ya ƙare. Inda ɓawo ya yi siriri, nan narkakken dutse ke samun ƙofa.

To me ya raba kaurin fuska da na ƙeya? Nan fa masana suka sha bamban. A 2011 Jutzi da Asphaug suka ce wani ƙaramin wata ne ya yi karo da ƙeya a hankali ya manne. A 2014 masanan jami'ar Penn State suka ce a can farko duniyarmu garwashi ce, ta yi ta gasa fuskar, ƙeya ta riga ta hucewa, ɓawonta ya fi kauri. Ni dai na biyun ya fi kwanta mini, ko da yake duwatsu za su raba gardama: a Yunin 2024 kumbon Chang'e 6 na Sin ya dawo da giram 1,935 daga ƙeyar, karo na farko a tarihi.

Kada wani ya ce ina ruwanmu. Tun 1999 muke da hukumar NASRDA, mai hedikwata a Lugbe, kuma ranar 13 ga Disamban 2022 Farfesa Isa Pantami ya sa wa Najeriya hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata. Mu da Ruwanda ne na farko a Afirka. Bayanan GRAIL ma kyauta suke a intanet, ɗalibin Jami'ar Abuja na iya sauke su yau.