Akurki Tsakanin Shirwa da Kaska: Nazari kan Kare Kajin Gida a Partago da Kewayen Jugu da Paraku

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsaloli biyu da aka saba ɗauka daban-daban a kiwon kajin gida a arewacin Jamhuriyar Benin, wato ƙwarin da ke shan jinin kaza da dabbobin da ke farautarta. Ta hanyar gwama yanayin rayuwar waɗannan ƙwari da fasalin akurkin gargajiya, maƙalar ta nuna cewa matsalolin biyu a wuri guda suke haɗuwa: akurkin da aka toshe don tsoron muzuru da maciji shi ne ke zama matattarar kaska da ƙuma. Don haka gyaran makwanci ya kamata ya riga sayen magani.

Gabatarwa

Partago gunduma ce a ƙarƙashin Jugu, hedikwatar jihar Donga. Jugu tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kuma har yau akwai Hausawa a can da unguwar Zongo ta Paraku, babban birnin jihar Borgu. Damina a yankin takan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Kaji da zabi na yawo a sake da rana, suna tonon abincinsu, kuma galibi mata da yara ne ke kula da su. Kaza a nan ajiya ce: ita ake kamawa a sayar ranar kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso.

Hankalin ma'aikatan dabbobi ya fi karkata ga cutar Newcastle, kuma da hujja, domin takan share garke cikin 'yan kwanaki. Amma asarar da ba ta zo da ƙara ba ita ma asara ce. Tsakon da shirwa ta sura yau, da wanda ya bushe gobe saboda rashin jini, su ne ke sa kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa amma kaɗan su kai girma.

Rabon ƙwari bisa makwancinsu

Mai kiwo yakan tara ƙwarin duka ya ce ƙuma ce. Wajen magani kuwa, tambayar da ta fi amfani ita ce: ina ƙwaron yake kwana?

Kashi na farko shi ne masu zama a jikin kaza. Kwarkwatar kaji, irin su Menacanthus stramineus da Menopon gallinae, a jikin tsuntsu take rayuwa tun daga ƙwai har mutuwa, kuma ba ta daɗewa idan ta rabu da shi. Tana manna ƙwanta a gindin gashi, musamman kusa da dubura, inda ake ganinsu fari-fari a cure. Ƙwan yakan fashe cikin kwana 4 zuwa 7, yawancin hodar magani kuma ba ta kashe shi. Shi ya sa barbaɗawa sau ɗaya ba ta wadatarwa, sai an maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Haka Knemidocoptes mutans, mai shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa ya mai da ita kaushi-kaushi, a jiki yake zaune. Shafa man kaɗe ko wani mai mai kauri a kai a kai yana shaƙe shi.

Kashi na biyu shi ne mai wuyar sha'ani. Jar ƙuma, Dermanyssus gallinae, da kaskar kaji, Argas persicus, ba sa yini a jikin kaza. Da rana suna laɓe a tsagar bango, da ƙarƙashin ɓawon itacen da kaji ke hawa, da cikin ciyawar jinka, sai dare ya yi su fito su sha jini su koma. Wanda ya ɗaga fiffiken kazarsa da rana ba zai ga komai ba, in ban da 'ya'yan kaska, waɗanda kan maƙale na wasu kwanaki kamar baƙaƙen ɗigo a hammata. Hanyar ganewa ita ce a shiga akurki da tocila bayan isha, ko a goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwana a duba jirwayen jini. Jar ƙuma na iya kammala zagayen rayuwarta cikin mako guda idan da zafi, ta kuma jure watanni ba ci. Kaska ta fi ta haƙuri, takan wuce shekara a bangon da babu kaza. Ita ce kuma ke yaɗa ƙwayar Borrelia anserina, mai kawo zazzaɓi da koren zawo da shanyewar ƙafa, alamomin da ake iya ruɗa su da na Newcastle.

Tsakanin kashin biyu akwai Echidnophaga gallinacea, baƙar ƙumar da ke kafewa a zanko da gefen ido. Babbar tana jiki, tsutsarta kuwa a ƙurar ƙasan akurki take girma. Kowa ya shafa mai a fuskar kaza bai share ƙasa ba, aikinsa rabi ne.

Kaza mai kwanci ita ta fi shan wuya. Kwana 21 take yi a kan ƙwanta, idan kuwa ƙwan zabuwa aka sa mata, kamar yadda aka saba a yankin, sai ta kai kwana 26 zuwa 28. Wannan ya isa jar ƙuma ta hayayyafa zubi uku ko huɗu a sheƙa ɗaya. Kazar da ta tashi ta bar ƙwai saura kwanaki kaɗan, a ce mata marar kirki, sau da yawa cizo ne ya kore ta.

Mahara da abin da suka tilasta

Da rana haɗarin daga sama yake: shirwa, shaho da hankaka. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma tsoron ya fi yawa da rani, bayan an ƙone daji, lokacin da babu ciyawar da tsako zai ɓuya. Da dare sai muzuru, tunku, gafiya, ɓera da maciji, da damina kuma kwarkwasa, wadda kan mamaye sheƙa gaba ɗaya.

Martanin mai kiwo shi ne ya gina ɗan akurkin laka, gajere, mai ƙofa ɗaya da hannu kawai ke shiga, a toshe da dutse ko guntun kwano. Muzuru dai ba zai shiga ba, amma tsintsiya ma ba za ta shiga ba, balle hasken rana. Laka takan tsattsage da hunturu, kowace tsaga kuma ɗaki ce ga kaska. Idan cizo ya ishi kajin sai su ƙaurace wa akurkin su koma kan bishiya, inda maharan dare ke samunsu a sauƙaƙe. A ra'ayin wannan maƙala, nan ne asalin matsalar, kuma kaji su ƙi shiga akurkin da suka saba alama ce da ya kamata a ɗauka da muhimmanci tun a daren farko.

Batun magani

Arewacin Benin ƙasar auduga ce, maganin feshin gona kuma yana kusa da hannu. Jarabar zuba ragowarsa a akurki, ko yayyafa fiya-fiya a jikin kaza, tana da ƙarfi, kuma tarihi ya isa gargaɗi. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 37 a Borgu sakamakon gubar endosulfan, wanda Benin ta haramta a 2008. A Turai ma, a 2017, an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa bayan an gano an yi amfani da fipronil ba bisa ƙa'ida ba wajen yaƙar jar ƙuma a gonakin Holan da Beljiyam. Abin da aka zuba wa kaza yana iya komawa cikin ƙwan da yaro zai ci. Maganin da ya dace shi ne wanda aka yi domin dabbobi, kamar hodar permethrin, bisa awon da likitan dabbobi ya faɗa, tare da kiyaye kwanakin da ba a cin ƙwai ko nama.

Tokar murhu da aka cakuɗa da rairayi a busasshen wuri tana ba kaji damar birgima, tana kuma rage kwarkwata. Ganyen darbejiya a sheƙa na taimakawa. Sai dai ba toka ba ganye da zai kai ga kaskar da ke can cikin bango.

Fasalin akurkin da ake ba da shawara

Sharaɗi na farko shi ne akurki ya buɗu ga mutum, ya rufu ga dabba: rufin da ake ɗagewa ko ƙofar da babba zai shiga da tsintsiya, da tagogin iska masu ragar waya wadda idonta bai wuce santimita ɗaya ko makamancin haka ba, don maciji da ɓera. A yaɓe bango sumul, a shafa farar ƙasa, a sake liƙe tsaga duk ƙarshen hunturu. Sandar kwana a feƙe mata ɓawo, kada ta taɓa bango, a tsoma ƙafafunta cikin gwangwanin baƙin mai yadda ƙwaro mai rarrafe ba zai hau ba. Sheƙa ta zama ta tukunya ko kwando da ake iya fitarwa rana, a ƙone tsohuwar ciyawarta bayan kowace ƙyanƙyasa. Akurkin da kaska ta riga ta cinye, rushe shi a gina wani nesa kaɗan ya fi araha a kan feshin da ba ya ƙarewa. Kazar da aka sayo daga kasuwar Jugu ko Paraku a ware ta mako biyu, a duba hammatarta kafin ta shiga garke.

Ga 'yan tsaki, a kifa musu babban kwando mai sarari a inuwa har mako 4 zuwa 6, ana matsar da shi kullum zuwa sabon wuri. Tsarewa na nufin ciyarwa, kuma a nan ne shawarar takan faɗi idan ba a tanadi abinci ba. Tsakin masara da dusa ba su isa ba sai da gara, wadda manoman yankin sun iya tarawa da tukunyar da aka cika da busasshen kashin shanu da karmami, a jiƙa, a kifa a bakin shuri. Masu yi wa kaji rigakafi a ƙauyuka suna kama kowace kaza da hannu kafin hunturu, don haka su ne suka fi dacewa a horar su duba gindin gashi da hammata a lokaci guda, su kuma leƙa akurkin kafin su bar gidan.