Kashin Maƙera: Dattin Jiya, Ma'adinin Yau

Duk wanda ya tashi kusa da maƙera ya san kashin maƙera, wato baƙin dunƙulen nan mai ramuka da ke saura bayan an narka tama an cire ƙarfe. A Kano an tono irinsa a Dutsen Dala, shaidar cewa ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7.

'Yan'uwanmu mazauna Dubai da ke kai iyali Hatta shan iska, su ma ƙasar tsofaffin maƙera suke takawa. Hatta na cikin duwatsun Hajar, kimanin kilomita 130 daga birnin Dubai. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce, daga waɗannan duwatsu ake haƙo jan ƙarfe ana kai shi Iraƙi ta dā, inda ake kiran yankin Magan. Har yau akwai tarin kashin a Wadi al-Helo ta masarautar Sharja da Wadi Jizzi ta ƙasar Oman. A 2002 ma, baƙin kashin da Sarkin Dubai na yanzu ya hango daga helikwafta ne ya kai ga gano tsohuwar maƙerar Saruq al-Hadid.

Yadda ma'adinin ke samuwa

Narki ba ya kwashe ƙarfe duka. Ragowar da ta maƙale cikin ramukan kashin tana haɗuwa da ruwa da iska da gishiri, sannu a hankali ta zama ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli. Jan ƙarfe kan ba da kore ko shuɗi, dalma kuma fari.

Wurin da ya fi shahara da wannan shi ne Labriyon a ƙasar Girka. Mutanen dā sun narka dalma da azurfa a can, suka zubar da kashin a bakin teku. Bayan shekara sama da 2,000 cikin ruwan gishiri, aka samu ma'adinan da ba a san su ba, kamar loriyonait a 1887 da fenfildait a 1892.

Me ya sa ake tara su?

Saboda kyau da ƙaranci. Yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba, sai da madubin ƙara girma ake more kallonsu. Ga shi kuma Ƙungiyar Masana Ma'adinai ta Duniya ta daina karɓar sababbi daga kashin maƙera, domin da hannun ɗan Adam a ciki.

Hattara

Dokar kayan tarihi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta 2017 ta hana ɗaukar irin waɗannan abubuwa ba da izini ba, domin da su masana ke gane shekarun wuri da dabarar maƙeransa. Sannan dalma guba ce. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta hallaka a Zamfara a 2010 ba. In yaro ya tsinci baƙin dutse mai ɗigon kore, a ɗauki hoto, a mayar da shi inda yake, a wanke masa hannu.