Hannu da Alƙalami: Matsayin Rubuta Bayanan Aiki a Horon Fasahar Sarrafa Halittu na Kwalejojin Al'umma a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci horon da kwalejojin al'umma na Amurka suke bai wa ma'aikatan ɗakin gwaji a fannin fasahar sarrafa halittu. Ta hanyar gwama dokokin haɗa magunguna da abin da kwalejojin suke koyarwa, ta nuna cewa ginshiƙin horon shi ne haɗa aikin hannu da rubuta shaidarsa a lokacin da ake yin sa. A kan haka ta ƙalubalanci masu ganin wannan horo a matsayin guntun ilimin jami'a.

Gabatarwa

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare wadda ake kammalawa cikin shekara biyu, kuma asalinta yana komawa ga kwalejin Joliet da aka buɗe a jihar Ilinoyi a 1901. Shigarta fannin sarrafa halittu ta ƙarfafa ne bayan dokar 1992 wadda ta sa Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta fara tallafa wa horon ma'aikatan fasaha. Da wannan tallafi aka kafa cibiyar Bio-Link a kwalejin birnin San Faransisko a 1998, sannan cibiyar InnovATEBIO da ke kwalejin Ostin a Teksas ta gaje ta a 2019. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: mene ne ainihin abin da ɗalibi yake fita da shi daga waɗannan azuzuwa, wanda masana'anta take biya dominsa?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Clark (1960) ya yi iƙirarin cewa ɗaya daga cikin ayyukan kwalejin al'umma shi ne sanyaya gwiwar ɗalibin da ya zo da burin digiri, har ya haƙura da abin da bai kai shi ba. Brint da Karabel (1989) sun ɗora a kan haka, inda suka ce shugabannin kwalejojin ne da kansu suka karkata ga koyar da sana'a domin samar wa makarantunsu gurbi, suka kuma kautar da 'ya'yan talakawa daga hanyar jami'a. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar tarihi, amma akwai zato guda da suka shigo da shi ba tare da sun gwada shi ba: cewa duk abin da ake koya a ajin sana'a, jami'a tana koyar da shi har da ƙari. Sun auna horon da mizanin inda ya hana ɗalibi zuwa, ba su leƙa cikin ɗakin gwajin sun ga abin da ake yi ba. A fannin da muke magana a kai, wannan zato bai tsaya ba.

Masu nazarin aikin kimiyya sun fi kusa da gaskiya. Shapin (1989) ya nuna yadda tarihi ya shafe sunayen mataimakan da suka riƙa gudanar da gwaje-gwajen masanin kimiyya Robert Boyle, Barley da Bechky (1994) kuwa sun bayyana cewa ma'aikatan ɗakin gwaji suna da sanin kayan aiki wanda sau da yawa masana kimiyyar da suke yi wa aiki ba su da shi. Sai dai sun tsaya ga ƙwarewar hannu, ba su kai ga takarda ba.

Hanyar Bincike

Binciken ya dogara ga nazarin takardu iri biyu: ƙa'idojin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, musamman sashe na 211 na kundi na 21 na dokokin tarayya, da kuma kayan koyarwar kwalejoji, ciki har da littafin dabarun ɗakin gwaji na Seidman da Moore, malaman kwalejin fasaha ta Madison. An bi kowace dabara da ake koyarwa, an nemi sharaɗin doka da ya yi daidai da ita.

Sakamako da Tattaunawa

Abu na farko da ya fito fili shi ne ƙa'idar ba ta ambaci digiri ba. Sashe na 211.25 ya ce duk mai aikin haɗa magani ya kasance yana da ilimi, ko horo, ko gogewa, ko haɗakarsu, gwargwadon abin da aikinsa yake buƙata. Ta wannan ƙofa kwalejoji suka shiga. A Karolina ta Arewa, kuɗin sulhun da kamfanonin taba suka amince su biya a 1998 sun bi ta gidauniyar Golden LEAF sun tallafa wa horon sarrafa halittu, kuma gajeren kwas mai suna BioWork ya karɓi mutanen da suka rasa aiki a masaƙu da masana'antun kujeru. Lowe (2007) ta nuna yadda wannan tsari ya sa kamfanoni suka yarda su ɗauki waɗanda ba su da digiri.

Sakamako na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci. Dabarun da ake koyarwa a farkon horo ba su da armashi a ido: auna gari a sikeli, haɗa ruwan gwaji, saita na'urar auna tsami, kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafin digiri 121, da renon ƙwayoyin halitta a digiri 37 ba tare da gurɓata ba. Ɗalibin jami'a ma yakan taɓa waɗannan. Bambancin yana wurin abin da ake ɗauka a matsayin an gama aiki.

A ɗauki misalin fifet, bututun da ake ɗiban ruwa ɗan kaɗan da shi. Maikrolita 100 ta ruwa nauyinta kusan miligiram 100 ne. Saboda haka ɗalibi yakan ɗebi wannan adadi sau goma, ya auna kowane ɗiba a sikeli, ya fitar da matsakaici da girman saɓani. Lissafin zai nuna ko kayan aikin ne ya kauce, ko hannunsa ne bai zauna ba. Amma darasin bai ƙare a nan ba. Zai rubuta lambar fifet ɗin, da lambar sikelin, da ranar da aka saita shi, da kowane sakamako a daidai lokacin da ya gan shi, da tawada ba da fensir ba. In ya yi kuskuren rubutu, ba ya gogewa. Layi ɗaya zai ja a kai yadda za a iya karanta na farko, ya sa harufan sunansa da kwanan wata da dalili. Ma'aikatan fannin suna da karin magana a kan wannan: aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye yana da tushe a doka. Sashe na 211.100 ya wajabta bin rubutacciyar ƙa'ida da rubuta aiki a lokacin yin sa, tare da bayyana dalilin duk wata kaucewa. Sashe na 211.101 ya buƙaci mutum na biyu ya duba sinadarin da aka auna. Sashe na 211.188 ya ce takardar kowane zubi na magani ta nuna wanda ya yi kowane muhimmin mataki da wanda ya duba shi, na 211.192 kuma ya tilasta binciken duk saɓanin da ba a san dalilinsa ba. A dokar Amurka, maganin da aka haɗa ba bisa waɗannan ƙa'idoji ba gurɓatacce ne, ko da gwaji bai gano aibu a jikinsa ba. Hukuncin da wata kotun tarayya ta yanke a shari'ar kamfanin Barr a 1993 ya ƙara ɗaure wannan, domin ya hana a yi ta maimaita gwaji har sai an sami sakamakon da ake so.

A nan ne ɗabi'ar ajin jami'a da ta masana'anta suke rabuwa. Ɗalibin da gwajinsa bai fito ba a darasin jami'a yakan sake shi, ya miƙa wanda ya yi kyau, kuma a ba shi maki a kan fahimtar nazariyya. A masana'anta wannan ɗabi'a laifi ce da za ta iya sa a zubar da zubi guda na magani. Ma'aikacin da ake nema shi ne wanda zai rubuta mummunan sakamako yadda ya zo, ya kai rahoto, ya kuma iya bin sawun takardu har ya gano matakin da aka sami tangarɗa. Wannan yana buƙatar sanin awo, da lissafin saɓani, da hukuncin abin da ya isa a kira kaucewa. Ilimi ne mai zaman kansa, ba ragowar na jami'a ba, kuma jarrabawar BACE ta ma'aikatan ɗakin gwaji da Jami'ar Fulorida take gudanarwa ta amince da haka, tun da ta haɗa ɓangaren ilimi da na dabarun aiki.

Iyakokin Bincike

Takardu suna nuna abin da aka tsara koyarwa ne, don haka wannan nazari bai auna yadda kowane malami yake aiwatarwa ba, bai kuma bi sawun albashin ɗalibai ba. Dole a yarda cewa Brint da Karabel suna da sauran magana game da ƙarin girma a wurin aiki: da takardar shekara biyu ta wadatar, da Kalifoniya ba ta yi dokar 2014 wadda ta bai wa kwalejojin Solano da MiraCosta damar bayar da digiri a fannin sarrafa magungunan halitta ba. Wannan kuwa batu ne na yadda kamfanoni suke raba muƙamai, bai taɓa ingancin horon ba.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da kwalejin al'umma take samarwa shi ne ma'aikacin da za a iya tabbatar da aikinsa bayan ya bar ɗakin gwaji. Saboda haka duk mai tantance irin wannan horo ya kamata ya fara da duba littattafan aikin ɗalibai kafin ya ƙirga na'urori. Haka kuma jami'o'in da ɗalibansu suke neman aiki a masana'antun magunguna suna da dalilin shigar da wannan darasi cikin manhajarsu tun daga shekarar farko.