Baƙin da Suka Zo Aikin Sa Kai

Mutumin Birnin Kudu ko na Gwaram ba ya bukatar a gaya masa ma'anar gayya. In gonar wani ta fi ƙarfinsa, samari su kan taru su nome masa, ladansu fura da godiya. To, akwai wata irin gayya wadda ake ƙetare teku dominta, ita ake kira aikin sa kai.

A Ingila, wani Bature mai suna Alec Dickson da matarsa suka kafa ƙungiyar VSO cikin 1958. Shi kuwa dā ma ya san ƙasashen nan namu, gama ya yi aikin horad da samari a Man O' War Bay, cikin Kamaru. Sa'an nan ran 1 ga Maris 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa tasa, wadda ake kira Peace Corps. Sharaɗinta shi ne mutum ya yi shekara biyu a wata ƙasa, ana ba shi ɗan abin da zai ci kawai. Ghana aka fara kai su, cikin watan Agusta. Kafin shekarar ta ƙare ga su a Nijeriya, galibinsu malaman makaranta.

Dubi irin tafiyar. Saurayi ko budurwa, bai daɗe da fita jami'a ba, a yi masa horo a Harvard, a sa shi a jirgin sama, ya sauka Ikko. Daga nan sai Badun, domin ƙarin horo. In kuwa Arewa rabonsa ya faɗa, ya bi jirgin ƙasa, ya haye Kwara ta gadar Jabba, ya wuce Minna da Kaduna da Zariya, ya iso Kano, mai nisan mil wajen 700 daga Ikko. In a ce makarantarsa ta nan kudancin Lardin Kano ce, da sauran aiki: ya shiga mota, ya haye gadar Wudil, ga ƙura ga rana, ba ya jin ko "sannu da zuwa" da ake yi masa.

Amma ba nisan hanya ne ya fi ba su wahala ba. Ga abin da ya faru a Badun cikin Oktoba 1961. Wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta na Amurka kati, irin wanda ake aikawa ta gidan waya ba ambulan. A ciki ta faɗi yadda ƙazanta da talaucin da ta gani a titi suka firgita ta. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun. Suka buga shi da yawa, suka rarraba, suka yi taro suna cewa 'yan leƙen asiri ne aka turo. Jaridun duniya suka ɗauka.

Ka tuna fa, shekara ɗaya ke nan da samun mulkin kai. Mutanen da suka daɗe ana kiransu marasa wayewa, ga baƙuwa ta kwana kaɗan ta sake faɗa. A ganina yarinyar ba mugunta ta nufa ba, ƙuruciya ce da idon baƙo, wanda ya kan ga bola tun bai san mai gida ba. Su ɗaliban ma ba su yi fushi a banza ba.

Ta nemi gafara, ta koma gida. Sauran kuwa ɗalibai suka ƙaurace musu. Da abin ya dame su, sai suka daina cin abinci, har ɗaliban suka yarda aka zauna aka yi magana. Daga nan aiki ya ci gaba, aka yi ta zuwa ƙungiya bayan ƙungiya. A Nijar ma sun fara cikin 1962, da yawansu suka iya Hausa, har 2011 da aka kwashe su saboda rashin tsaro.

Cikin 1987 sai hanya ta juya. Gwamnatin Janar Babangida, sa'ad da Farfesa Bolaji Akinyemi ke Ministan Harkokin Waje, ta kafa Technical Aid Corps, ta shiga aika malamai da likitoci da injiniyoyi na Nijeriya su yi shekara biyu a ƙasashe kamar Gambiya da Uganda da Jamaika, har da tsibiran Fiji. Can su ne suka zama baƙin da ke sauka daga jirgi da akwati ɗaya, suna tambayar yadda ake gaisuwa.